Yadda Ake Zaɓen Kaki da Man Shafa wa Ƙotar Bindiga

Bindigar farautar kawuna ta haura shekara 30 a hannunsa. Ƙarfenta lafiya ƙalau, amma katakon wajen kunama ya yi baƙi ƙirin, ya yi laushi har farce yana shiga. Man inji ne ya ja masa. Duk sanda ya shafe ƙarfen, sai ya goge ragowar a jikin ƙotar, yana ganin gata yake yi mata. Irin wannan man ba ya bushewa. Ratsa katako yake yi, a hankali ya kashe ƙarfinsa. Man gyaɗa da man shanu ma ba su dace ba, domin suna daɗewa da danshi, su yi wari, su kama ƙura.

Kafin komai, ka tabbata babu harsashi ko albarushi a cikin bindigar. In da hali, ka kwance ƙarfen daga katakon.

Daga nan sai ka gano abin da aka shafa wa ƙotar tun asali, don shi ne zai nuna maka abin da za ka saya. In tana ƙyalli kamar gilashi, ba ka jin zaren katako a yatsa, to banish ne a kanta, wato fentin sheƙi marar launi da kafintoci ke shafa wa katako. Wannan ba ta shan mai, ko ka shafa zama zai yi a sama yana danƙo. Kaki kawai take buƙata. In kuwa kana jin katakon a hannu, sai ka ɗiga ruwa a wani lungu. Ya tsaya dunƙule, man da ke ciki yana nan da ƙarfinsa. Ya nutse ya bar tabo, katakon yana jin ƙishi, mai zai fara sha kafin kaki.

Man da ya dace shi ne wanda yake daskarewa in ya sha iska: dafaffen man linsid (man 'ya'yan wani tsiro) na shagon fenti, ko man tung (man 'ya'yan wata bishiya), wanda ya fi shi hana ruwa shiga. Ɗigo uku ko huɗu a tafin hannu, ka murza har katakon ya yi ɗumi. Bayan kamar minti 20 ka goge duk abin da bai shiga ba, ka bar shi ya kwana ya yini kafin ka ƙara. A nan mutane suke gaggawa su lafta da yawa, ƙotar ta yi makonni tana manne wa hannu. Tsumman da ya jiƙe da linsid kuwa kada ka dunƙule shi ka jefa a kusurwa, yana iya kamawa da wuta da kansa. Shanya shi a waje ya bushe.

Sai kaki. Kakin zuma shi ne mafi sauƙin samu, amma yana narkewa a wajen digiri 63, kuma tun kafin nan yake laushi. Bindigar da ta yini a ranar bazara sai ka ji tana kama hannu. Kakin kanauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiyar dangin giginya a Brazil, sai ya wuce digiri 80 yake narkewa, ga tauri ga sheƙi. Ni dai a zafi irin namu na fi son gwangwanin da aka haɗa su biyun. Akwai kuma Renaissance Wax, da aka ƙirƙira a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan don adana kayan tarihi. Yana da tsada, amma ana shafa shi a katako da ƙarfe duka. Man feshin kujeru mai silikon ka guje shi, don in ya shiga katako, wani mai ko banish ba ya zama da kyau daga baya. Man takalmi mai launi kuma a kumatunka da rigarka zai ƙare.

Shafawar ba wuya. Ɗan lakata a tsumma mai laushi, ka bi da shi siriri, ka jira ya dushe, ka goge har ya yi santsi. Wajen da aka yi zane-zane don riƙo, tsohon buroshin haƙori zai fitar da kakin da ya maƙale. Yi haka gab da damina, ka sake in hunturu ya kama, lokacin da katako ya fi tsagewa. In za ka jingine bindigar bayan ka shafe ƙarfen, juya bakinta ƙasa, don man ya gangara waje maimakon ya koma cikin ƙotar.