Yadda Ake Tsara Burin Shekara Ba Tare da Tauye Iyali Ba

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san cewa wanda bai tanadi iri da taki kafin faɗuwar damina ba ya makara, kuma haka tsara buri yake. Ka fara da rubuta buri 3 kacal: na sana'a, na ilimi, da na iyali. Ka sanya wa kowanne adadi da wa'adi, wato ka rubuta nawa za ka zuba a adashi duk mako. Ka jingina ayyukan da lokutan salla, kamar karatu bayan Asuba. Burin iyali, a ganina, shi aka fi yi wa sakaci, saboda haka ka ware yammacin Juma'a domin zumunci, ko da noman rani ya matsa maka.