Kafin ka yi wa'azi da aya, karanta surar da ta fito ciki

Irmiya 29:11 ce ayar da na fi gani a jikin kalanda da katin gaisuwar sabuwar shekara, wadda take cewa Allah yana da shirin alheri dominmu, ba na masifa ba. Gaskiya ce. Amma ɗan'uwa, in aka ba ka jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki a ikilisiya, ga yadda nake bi da ita, da ma kowace aya.

Fara da karanta surar dukanta da babbar murya, ka haɗa da wadda ta gabace ta. Ba annabawa ne suka sa lambobin surori da ayoyi ba. A ƙarni na 13 aka raba surori, ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 suka samu lamba. Kada lamba ta tsayar da kai.

Sai ka ɗauki biro ka rubuta: wa ke magana, da wa yake yi, a wane hali suke. Nan ne aikin yake. Sura 29 wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura 28, wani Hananiya ya tashi a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a komo da su. Kowa ya so jin haka. Irmiya kuwa ya rubuta musu cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, har su yi addu'a domin birnin da ya kama su bauta. Aya ta 10 ta faɗi wa'adin: shekara 70. Dattijon da ya ji an karanta wasiƙar nan ya san a Babila za a binne shi. To, ga mutanen da aka yi wa alkawarin alherin ke nan. Shi ya sa raina ba ya so in ji an mai da ayar tabbacin samun aiki kafin Disamba.

Bayan haka ka nemi inda Nassi ya sake taɓa batun. Wani a cikin masu nazari zai tambaye ka, “Malam, ashe ayar ba tamu ba ce?” Buɗe masa 1 Bitrus 2:11, inda aka kira masu bi baƙi a duniyar nan, ku duba abin da ya haɗa mu da mutanen da aka kwashe zuwa Babila da abin da ya raba mu.

Littafin sharhi ka bar shi sai ƙarshe, bayan ka cika takardarka. In ba ka da shi, ari na fastonku, kuma inda ya saɓa da abin da ka rubuta, ka je ku zauna ku tattauna kafin ranar nazarin.