Yadda na gano dalilin da inotify ke cewa wuri ya ƙare

Manhajar da na rubuta don sa ido kan sauye-sauyen fayil a sabarmu ta Linux ta tsaya cak, tana ta maimaita ENOSPC, wato wuri ya ƙare. Na duba faifai, ko rabi bai cika ba. Sai da na ɓata kwana guda ina share tarkace a banza.

Ashe ba faifai ake nufi ba. Shi inotify, tsarin da manhajar ke dogaro da shi wajen sa ido kan fayil, wanda ya shigo kernel, wato zuciyar Linux, tun sigar 2.6.13 a shekarar 2005, ba ya bin manyan foldodi har cikin 'ya'yansu da kansa. Kowace folda sai an ɗora mata nata mai gadi. Foldodinmu kuwa sun haura dubu ashirin, alhali iyakar yawan masu gadi da ke cikin /proc/sys/fs/inotify/max_user_watches 8192 ce.

Na ɗaga ta zuwa 524288 da sysctl, umarnin sauya saitunan kernel, na kuma rubuta a /etc/sysctl.d don kada ta koma bayan sake kunnawa.

Sai na waiwayi takardar bayanin aikinmu, wadda ta ce 8192 ce kullum. Na gyara: daga kernel 5.11 ana lissafa iyakar ne gwargwadon girman RAM, kernel ɗin tsohuwar sabar tamu ne bai kai wannan sigar ba.