Kafin Ka Biya a Sa Mahaɗinka a Shafin Wani

Duk mai shafin intanet ya san saƙonnin nan: ka biya mu, mu sa mahaɗinka a shafuka ɗari, gobe ka hau saman Google. Shawarata ɗaya ce. Ka sayi mahaɗi saboda mutanen da za su latsa shi, kada ka saya don ka yaudari injin bincike.

Tun kafuwar Google a 1998, tsarinsa na jera shafuka a sakamakon bincike, wato PageRank, yana ɗaukar kowane mahaɗi tamkar shaida ce wani shafi ya yi wa wani. Shaidar da aka saya da kuɗi kuwa, ƙa'idar Google ta hana. A 2011 aka gano kamfanin J.C. Penney, mai manyan kantuna a Amurka, da irin waɗannan mahaɗai, ya rikito ƙasa a sakamakon bincike. A 2012 Google ya fito da Penguin, tsarin gano mahaɗan bogi, a Disambar 2022 kuma ya sa SpamBrain, manhajarsa ta gano maguɗi, farautar masu sayen mahaɗai da masu sayarwa. Yanzu sau da yawa ko hukunci ba a yi maka, sai dai a ƙi ƙirga mahaɗin, kuɗinka ya bi ruwa ba ka sani ba.

To, yaya za ka yi? Fara da karanta shafin da za a sa mahaɗinka da kanka, nan ne aikin yake. Shin abin da suke rubutawa ya shafi harkarka? Akwai masu karatu na gaske, ko kuwa yau labarin caca, gobe na magani, jibi na inshora, kowanne ɗauke da mahaɗi? In ka ga haka, ka kama gabanka. Kada lambar DA ko DR, wato makin da ake ba shafi don nuna ƙarfinsa, ta ruɗe ka. Ta kamfanonin Moz da Ahrefs ce, Google ba ya aiki da ita, kuma ana iya kumbura ta. Ka nemi mai shafin ya nuna maka yawan masu ziyara da ƙasashen da suke fitowa.

In kun daidaita, ka dage a sa wa mahaɗin alamar rel="sponsored", wadda aka fito da ita a 2019, ko nofollow. Hakan ya mayar da shi talla a fili. Matsayinka a Google ba zai ƙaru ta nan ba, amma mutane za su zo, kuma su ne masu sayen kayanka. Ka liƙa wa mahaɗin alamar UTM, wadda ke nuna daga inda masu ziyara suka zo, don ka ga ko biyan ya yi riba.

Wanda ya riga ya sayi mahaɗan banza da yawa, ya duba Search Console, dandalin Google na masu shafuka, ko an yi masa hukunci. In an yi, ya roƙi a cire su, ya miƙa wa Google sauran a jerin waɗanda ya barranta da su, sannan ya nemi a sake duba shafinsa.