Yadda Nake Shiga Abuja Daga Mararraba Ban Makara Ba

Sirrin hanyar Keffi zuwa Abuja ɗaya ne: ka riga jama'a fita. Ni da an sallame sallar asuba nake sa takalmi, karin kumallo sai a ofis. In ka hau mota kafin ƙarfe 6, cikin rabin awa ko sama da haka kaɗan kana mahaɗar AYA da ke Asokoro, a bakin shiga gari. Ka bari sai 7 kuwa, cunkoson Nyanya da hawan Kugbo za su iya cinye maka awa biyu, musamman ran Litinin da 'yan ƙarshen mako ke dawowa.

Ka tanadi canjinka tun da dare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri guda, kuma kwandasta ba shi da haƙurin neman canji da sassafe. Ka tambaya kafin ka shiga, Sakatariya za ta ko Berger, don acaɓa ba ya shiga tsakiyar gari balle ya gyara maka kuskure.

Maganar 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ba wasa ba ce. Ka hau a tasha, ko ka haɗa kai da maƙwabci mai mota kuna raba kuɗin mai. Motar da ta tsaya maka ita kaɗai a bakin titi, gilasai a rufe, bar ta ta wuce.

Dawowa ta fi wuya. Ni nakan tsaya in yi magariba a gari, wani lokacin har isha'i, sannan in kama hanya.