Yadda na hana radis ɗina yaushi

A unguwar Nima da ke Accra nake da teburin kayan lambu, masu gidajen abinci ne ke sayen radis, wata saiwa mai ɗan yaji da ake ci ɗanya, a wurina. In na saro da asuba daga kasuwar Agbogbloshie, kafin washegari da la'asar ya yi yaushi, ka matsa da yatsa ya lotsa kamar soso. Wata hajiya ta taɓa maido mini da kwando guda, ranar na sha kunya.

Ashe ganyen ne ɓarawon. Ni ina barinsa don ado, shi kuwa yana ta zuƙe ruwan jikin saiwar. Yanzu ina isowa nake yanke shi, in bar ɗan tsinke a kai. Wanda ya fara yaushi in tsoma shi a ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci, sai ya dawo garas. In tsane shi sosai, in zuba a leda mai huji-huji, in sa a firij, don radis na son danshi da sanyin da ya kusa digiri 0. Ranar da aka ɗauke wuta, jiƙaƙƙen buhu nake rufa masa a inuwa.

Wajen sari ma na daina kwaɗayin manya-manya, sau da yawa cikinsu ya tsufa ya zama holoƙo.