Kurakuran da Sabon Marubuci Ya Fi Tafkawa Yayin da Nauyin Gida Ke Kansa

Da yawa daga cikin masu sha'awar rubutu da na sani suna da baiwa daidai gwargwado, amma littafin da suka fara da zumuɗi ya tsaya a babi na uku ko na huɗu. Idan aka bi diddigi, sai a tarar ya tsaya ne a daidai wurin da rubutu ya ci karo da rayuwar gida: mahaifi ya kwanta ciwo, aiki ya kuɓuce, an yi haihuwa, ko bashi ya taru. Wasu daga cikin kurakuran da zan kawo ni da kaina na tafka su, wasu kuma a wurin abokan rubutu na gan su, kuma kusan dukkansu suna da gyara.

Wanda ya fi yawa shi ne jiran ranar da al'amura za su lafa. Mutum yakan ce bari mara lafiya ya tashi, bari yara su yi wayo, bari in sami ɗaki nawa na kaina, sannan in zauna in yi rubutu a tsanake. Wannan jiran gawon shanu ne, domin gida ba ya rabuwa da hidima, kafin a sauke wata, wata ta kunno kai. Gyaran yana cikin lissafi mai sauƙi. Kalma 250 kusan shafi ɗaya ne idan an buga a kwamfuta an bar tazara tsakanin layuka, kuma wanda ya riga ya san abin da zai faɗa zai iya rubuta su cikin rabin awa. Wanda ya yi haka kwana 200 a shekara ya tara kalma 50,000, wato daftarin littafi guda, kuma ya bar wa kansa kwana 165 na jinya da baƙi da gajiya. A makonnin da na yi ina jinyar mahaifiyata a asibiti, ƙaramin littafin rubutu ne a aljihuna. Idan an yi mata allurar dare ta samu barci, nakan fita baranda in zauna a kan benci, in ɗora littafin a gwiwa in rubuta abin da ya sawwaƙa, kunnena kuwa yana wajen ƙofa. Kafin in rufe, nakan bar layi ɗaya da ke nuna abin da zai biyo baya, don kada gobe in ɓata minti goma ina neman bakin zaren. Akwai daren da ban iya rubuta ko kalma ɗaya ba, kuma ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, domin a daren nan ita ce ta fi buƙatata.

Daga nan sai ɗaukar mutanen gida a matsayin masu hana ruwa gudu. Wasu suna ɓoye rubutunsu kamar abin kunya, sannan su riƙa jin haushi idan an katse su, alhali ba wanda ya san suna wani aiki. Abin da ya fi shi ne a fito fili a roƙi abu takamaimai, kamar rabin awa bayan yara sun yi barci ko kafin gida ya tashi, sannan mutum ya sauke nasa kason na hidima ba tare da an tuna masa ba. Wanda aka bar wa aikin gida shi kaɗai da sunan wani yana rubuta littafi ba zai taɓa ƙaunar littafin ba, kuma yana da gaskiya.

Barin sana'a ko aikin albashi don a rungumi rubutu kacokan, tun kafin littafin farko ya fito, sakin reshe ne a kama ganye. Kamfanin ɗab'i yakan biya marubuci wani kaso ne daga cinikin littafi, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma idan ya ba da wani abu tun farko, to kafin alƙalami ne da za a cire daga wannan kason kafin a ƙara masa ko sisi. Tsakanin sa hannu a yarjejeniya da fitowar littafi ma ana iya shafe shekara ko fiye. Mai ciyar da iyali ya riƙe abin da ke hannunsa, rubutu ya zauna a gefensa har ya nuna abin da zai iya kawowa.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne zuba damuwar gida a cikin labari tun tana da zafi. Marubuci ya ga yadda aka yi rabon gado aka cuci mahaifiyarsa, ko yadda auren yayarsa ya mutu, sai ya ɗauko abin yadda ya faru, ya sauya sunaye kawai ya saki. Duk wanda ya san gidan zai gane kowa tun a shafin farko, kuma abin da aka buga ba ya gogewa. An tona asirin mutanen da ba a nemi izininsu ba, wasunsu ma su ne aka zalunta tun asali. A ƙasashe da yawa sauya suna ba ya kare marubuci daga ƙarar ɓata suna matuƙar ana iya gane wanda ake nufi. Ta fuskar fasaha ma labarin yakan fito a gurguje, domin mai fushi ba ya ganin mutum sai laifinsa, sai a sami mugu wanda ba shi da dalili da kuma salihi wanda ba shi da aibi, mai karatu kuwa ya san ba haka mutane suke ba. Ban ce a bar rubuta abin da ya yi ciwo ba, domin daga nan ne rubutu mai rai yake fitowa. A fara zuba shi a littafin da ba mai gani, a bar shi ya yi watanni, sannan a dawo a tambayi kai mene ne ainihin abin da ya yi ciwon. Wannan shi za a ɗauka, sauran kuma a sake gina su: a sauya shekaru da sana'a da yawan 'ya'ya, a haɗa mutum biyu su zama ɗaya, a ba wanda ya yi laifin hujjar da shi kansa zai iya bayarwa. Idan kuwa tarihin rayuwa ake rubutawa ba ƙagaggen labari ba, to ciwon wani da sakinsa da bashinsa nasa ne, a nuna masa shafin kafin duniya ta gani.

Akwai kuma asarar da sakaci kaɗai ke jawowa. Na san wadda ta rubuta babi 11 a waya, wayar ta faɗa ruwa a hannun ɗanta, ba ta da kwafi a ko'ina. A riƙa aika wa kai aikin ta imel a ƙarshen kowane mako, a ajiye wani kwafin a ma'ajiyar intanet irin su Google Drive, a sa kwanan wata a sunan fayil, mai rubutu da biro kuma ya riƙa ɗaukar hoton shafukansa.

Wajen gyara, sababbin marubuta sukan kasu biyu. Wasu suna goge babin farko sau ashirin ba su taɓa kaiwa na biyu ba, wasu kuma suna watsa kowane babi a Facebook ko WhatsApp a daren da suka rubuta shi, yabon 'yan uwa da abokai ya hana su ganin gurbin da ke ciki. A gama daftarin tukuna, a ajiye shi makonni, sannan a karanta da babbar murya, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Wanzami ba ya son jarfa, amma dole a nemi mai karatu ɗaya ko biyu da ba sa jin nauyin marubucin. A kula da ƙa'idar rubutu tun daga farko: baki daban yake da baƙi, kafa daban da ƙafa, ana rubuta "ya ce" a rabe, "yana" da "gidansa" a haɗe.

Matsin gida yakan kai marubuci ga sa hannu a takardar da bai karanta ba. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan kare haƙƙin marubuta, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata ga marubuci ba tare da sai ya yi rajista ba, kuma yana ɗorewa tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, a ƙasashe da dama ma 70. Ke nan wanda ya sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya don biyan kuɗin magani na wata guda ya sayar har da abin da 'ya'yansa za su gada. Ba da izinin bugawa na wasu shekaru daban yake da sallama mallaka. Lambar ISBN da ake bugawa a jikin littafi, mai alƙaluma 13 tun daga 2007, tana bambance bugun littafi ne a kasuwa, ba ta kare mallakar kowa. Wanda ya biya kuɗin bugu daga aljihunsa bai yi laifi ba, sai dai kwafin da haƙƙin duka nasa ne, kada ya yarda a ce masa akasin haka. Kafin a sa hannu, a nemi a ga waɗannan a rubuce: shekarun da izinin zai ɗauka, kason marubuci da lokacin biyansa, wanda ke da ikon fassara da mayar da labarin fim, da kuma ranar da haƙƙin zai dawo hannun mai shi idan kamfanin ya daina buga littafin.